Inda Injin Zarto Ke Shan Man Girki

Da dare muka tashi daga Abuja, gari na wayewa muna Frankfurt. Kada ka jira labarin dogayen benayen birnin, aboki, don ban shiga ba. Tashar jirgin ƙasa a jikin filin jirgin saman take, sai dai ka ja akwatinka ta wani dogon baranda. A bakin barandar ƙanena yake tsaye da rigar sanyi biyu, ɗaya a jikinsa ɗaya a hannu. Ɗan ƙanwar mahaifiyarmu ne, yana karatun gandun daji a jami'ar Freiburg, can kudu maso yammacin Jamus, kusa da iyakar Faransa da Siwizalan. Shi ya matsa mini in zo in ga inda yake, shi ne kuma bakina da kunnena har na dawo, domin Jamusancina bai wuce gaisuwa da godiya ba.

Farkon watan Mayu ne. Jirgin ya miƙa kudu ta Mannheim da Karlsruhe, yana bin shimfiɗaɗɗen kwarin kogin Rhine, ni kuwa goshina na jikin gilashi. Gonaki ne masu launin rawaya mai kashe ido, wannan na ƙarewa wancan na somawa. Na ce wa ƙanena lalle mutanen nan suna son fure, tunda har gona guda suke ba shi. Ya ce, "Yaya, ai mai ne kake gani." Rafs suke kiran tsiron, dangin kabeji ne, ƙwayarsa baƙa ce ƙanana ƙwarai, kuma Jamus tana noma kusan hekta miliyan ɗaya nasa a shekara. A matse shi a yi girki, a haɗa wani da man dizal, tunkuzar kuma a ba shanu. Na gyaɗa kai na koma kallo. A lokacin ban ga abin da ya haɗa ni da shi ba.

A Freiburg ruwa ne ya fara kama idona. A tsohon gari, gefen tituna akwai 'yan siraran magudanu da aka jera wa duwatsu, ruwa garai-garai yana gudu a ciki, yara suna jan ƙananan jiragen katako da zare. Bächle suke ce musu, kuma sun yi ɗaruruwan shekaru a wurin. Ni da na taso ina tsallake kwata ina toshe hanci, sai da na duƙa na sansana. Babu wari. A ɗakin ƙanena ma, da na nemi ruwan sha, famfon kicin ya buɗe ya cika mini kofi. Ya ce mafi yawan ruwan shan Jamus daga ƙarƙashin ƙasa da idanun ruwa ake ɗebo shi, wani kaso na na garinsu kuma daga rijiyoyin kwarin Dreisam, inda ruwan duwatsun da muke hangowa ta taga yake taruwa.

Duwatsun nan su ne Schwarzwald, Baƙin Daji, kuma can muka nufa. Ƙaramin jirgin ƙasa ne yake hawa daga Freiburg ta wani matsattsen kwari, yana shiga rami yana fita, kunnena yana toshewa. Muka sauka a Hinterzarten. Sanyin wurin, a watan da mutanen Kano ke kwana a tsakar gida, ya fi na tsakiyar hunturunmu. Wani dattijo manomi, wanda ƙanena ya taɓa yin aikin koyon sana'a a wurinsa, ya zo ya ɗauke mu a tsohuwar mota mai warin karnuka. A hanya muka wuce wani shuɗin allo mai hoton tankar mai da igiyar ruwa a ƙarƙashinta. Ƙanena ya ce alama ce cewa an shiga yankin da ake kare ruwan sha, duk mai ɗauke da abin da zai iya gurɓata shi ya yi hattara.

Gidan dattijon irin na mutanen dutsen ne: rufi ɗaya ƙato da ya sauko kusan ƙasa, mutane a gaba, shanu a baya, ciyawa a sama, kuma ta gefen tudu ake shiga ɗakin ciyawar da tarakta. Bayan gidan daji ya fara, kuma nasa ne, gadon kakanni. Wannan ya ba ni mamaki, don a kaina daji na gwamnati ne ko na Allah. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar Jamus daji ne, hekta miliyan 11 da ɗoriya, kuma kusan rabinsa a hannun ɗaiɗaikun mutane yake. Yawanci da sanyi suke sara, amma tun farin 2018 wani ƙaramin ƙwaro mai shiga ƙarƙashin ɓawo ya addabi iccen da suke kira Fichte, wani miƙaƙƙen icce mai siririn ganye da ba ya kaɗewa. In ka ga jan gari a gindin icce, to ƙwaron ya shiga, dole a kayar a fitar da gungumen kafin 'ya'yan su yi fiffike su faɗa wa na kusa. Aikin da ya tashe mu da sassafe ke nan.

Injin zarto ba baƙona ba ne. Mahaifinmu ya yi sana'ar katako a Na'ibawa, na kuma bi motar kaya har dazuzzukan Taraba, na ga ofaretoci suna tsaga gungume ya koma falanki da ido kawai, babu layi babu ma'auni, da ƙaton injin nan Stihl 070. Saboda haka da muka shiga rumfar kayan aikin dattijon, na tsaya da ƙafar wanda ya san abin da ake ciki. Ya kwantar da injin a gefe, ya buɗe tanki na farko ya zuba fetur. Ya buɗe na biyu. Sai ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko kwalbar roba mai hoton furen nan na rawaya da hoton kwanon salak, irin wadda na gani a kicin ɗin ƙanena, ya tuttula a ciki.

Na kalli ƙanena. Ya kawar da kai yana danne dariya.

Bari in yi maka bayani, ko da ba ka taɓa riƙe injin ba. Mai iri biyu yake sha. Akwai na 2T da ake gaurayawa da fetur, irin na ƙaramin janareto, wanda ke shafe cikin injin ya ƙone tare da fetur ɗin. Wannan babu mai wasa da shi, ka zuba man girki a nan ka kashe inji. Na biyun na sarƙa ne. Sarƙar tana zagaya wani faffaɗan ƙarfe, tana gudu a cikin siririyar kwarya da aka yanka a gefensa, gudun da ya kai kimanin mita 20 a daƙiƙa ɗaya, wato kilomita 70 da 'yan kai a awa. Ƙarfe a kan ƙarfe a wannan gudu, in babu mai, nan da nan zai yi zafi ya canza launi, sarƙa ta saki, haƙora su dakushe. Don haka akwai ɗan famfo a ciki da ke ɗiga mai a gindin ƙarfen, sarƙa ta kwashe shi ta zagaya da shi. Ga inda maganar take: man nan ba ya dawowa. A mota, mai yana zagayawa ya koma mazauninsa har ranar juye. A injin zarto kuwa duk ɗigon da ya fita ya fita ke nan. Wani ya fantsama daga bakin ƙarfen, wani ya bi garin katako, wani ya manne a gungume, wani ya zama feshi a iskar da mai aikin ke shaƙa. Tankin misalin sulusin lita ne, an kuma yi shi ne ya kusa ƙarewa tare da na fetur, ta yadda mai aikin yini zai iya zubar da lita guda ko fiye a ƙasan dajin da ya yi aiki.

Kafin mu shiga dajin aka yi mini shiri: hular kwano mai ragar fuska da marufin kunne, takalmi mai hancin ƙarfe, da wani wando mai kauri wanda aka cusa wa dogayen zaruruwa a ciki, in sarƙa ta taɓa shi sai zaren ya fito ya cushe injin ya tsaya. Ni da ko sarƙar ba zan taɓa ba. Na tuna ofaretan Taraba da silifas da singileti, na yi shiru na ɗaura abina.

Dattijon ya tayar da injin, ya kai bakin ƙarfen kusa da wani sabon kututture mai fari, bai taɓa ba, ya matsa wuta. Wani siririn layin danshi ya bayyana a jikin kututturen. Ya nuna mini da haɓa: mai yana fita. Kowace safiya haka yake yi. Sannan ya juya kan iccen farko, ya yanke baki ta gefen da yake so ya faɗi, ya zagaya baya, ya buga wani tsinken roba a cikin yankan, icce ya tafi daidai inda ya nuna. Abin da ban zata ba shi ne ƙamshin. Bayan na ɗanyen icce, akwai wani ɗan ƙamshin suya a iska, har cikina ya motsa.

Da muka zauna hutu a kan gungume na sa ƙanena ya tambaye shi, "Baba, me ya sa man abinci?" Bai amsa ba sai da ya tashi ya ja mu 'yan taku zuwa gangare. Akwai wani ɗan akwatin siminti mai murfin ƙarfe a cikin ciyawa. Ya ɗaga murfin, ruwa yana ɓuɓɓugowa a ciki. Idon ruwan gidansa ne, daga nan bututu ya tafi kicin da wurin shan shanu. Ya ce shi ba malami ba ne, amma abin da ya zuba a nan sama, shi zai sha a can ƙasa. Ya ƙara da cewa man rafs na kanti ya fi kowane man sarƙa araha, kuma in ya ƙare ba sai ya je gari ba, kicin zai shiga.

Muna nan sai ga malamar daji ta yankin, wata mace mai matsakaicin shekaru da kare a bayan mota da gwangwanin fenti a aljihu, tana zagayen duba itatuwan da ƙwaro ya kama. Ta ga kwalbar a gindin icce, ta girgiza kai irin na wadda ta gaji da wannan musu. Daga nan hira ta koma tsakaninsu, ƙanena yana jefo mini abin da ya samu.

Ita ba ta goyon bayan man da aka tace daga ɗanyen man fetur, wannan an wuce wurin. Ta ce a dajin gwamnati, da duk dajin da ke da takardar shaidar PEFC ko FSC, ƙungiyoyin da ke tabbatar da cewa ana kula da daji yadda ya kamata, sharaɗi ne a yi aiki da man sarƙa mai saurin ruɓewa. Ba 'yan kwangila kaɗai ba. Ko kai mai gida ne ka sayi izinin yankan itacen murhu, sai ka nuna takardar cewa ka yi kwas na riƙe inji, ka zo da irin wannan man, ka zo da wani fetur na musamman da aka rage wa guba. Yadda take ganewa kuwa, tambari take dubawa a jikin jarka. Mafi shahara shi ne Blauer Engel, wata shuɗiyar alama da Jamus ta ƙirƙiro a 1978 don kayan da ba su cika cutar da muhalli ba, sai kuma tambarin Tarayyar Turai mai hoton fure. Kafin mai ya samu, ana gwada shi a ga ko ƙananan halittun ƙasa da ruwa za su cinye aƙalla kashi 60 cikin ɗari nasa a kwana 28. Man da aka tace daga ɗanyen man fetur yana daɗewa ƙwarai kafin ya ruɓe, kaɗan daga cikinsa kuma ya isa ya shimfiɗa fata a kan ruwa mai yawa.

To ina matsalar kwalbar Baba, tunda ita ma rafs ce? Ta je mota ta ɗauko tata jarkar, ta ce in miƙo hannu. Ta ɗiga mini nata a yatsa, dattijon ya ɗiga nasa a ɗaya hannun. Ta ce in haɗa yatsu in raba. Na dattijon ya rabu salin-alin. Nata ya ja zare, kamar miyar kuɓewa da ta ji kanwa. Ta ce shi ma tushensa man rafs ne, amma an sa masa sinadarin yauƙi don ya riƙe sarƙa ya zagayo da ita har ƙasan ƙarfen, inda ainihin yankan yake, maimakon ya watse tun a baki. An kuma sa masa abin da ke hana shi saurin lalacewa in ya haɗu da iska, da abin da ke hana shi daskarewa. Dattijon ya ce shi ƙarfensa gajere ne, iccensa mai taushi ne, kuma akwai ɗan sukurun da ke ƙarƙashin inji, in ka murɗa shi famfo ya ƙara ɗiga. Ta ce to ka ga kana zubar da fiye da nawa ke nan. Ya ce nasa ko an ninka bai kai kuɗin nata ba. Ta ce a dajinsa ya yi yadda ya so, amma ranar da ya karɓi aiki a na gwamnati, tambari za ta nema, kuma hoton salak ba tambari ba ne. Suka yi dariya, ya zuba mata kofi daga fulas.

A kan sanyi ne kawai ya sallama mata. Ya ce in ƙanƙara ta kwanta sosai a watan Janairu, man kicin yana yin kauri ya yi hazo, famfo ya kasa ja. A irin waɗannan ranaku shi ma jarkar mai tambari yake saya.

Sai malamar ta juyo ta tambayi abin da ake amfani da shi a ƙasarmu. Na so ƙanena ya amsa, ya ƙi. Na ce baƙin mai. Wanda aka juye daga mota ko babbar janareta, ofareta ya je garejin bakanike da galan a cika masa a kan kuɗi kaɗan, wani lokaci ma kyauta. Na ce har jikin katakon rufi muke shafa shi saboda gara. Dattijon bai yi mamaki ba, ya ce mahaifinsa ma da shi ya yi aiki, kowa a dutsen nan da shi ya yi a da. Malamar ce ta ɗan yi shiru, sannan ta ce ita ba dajin ne ya fara zuwa ranta ba, mutumin ne. Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da toka da ɓarɓashin ƙarfe da guba irin ta hayaƙi, an kuma tabbatar yawan taɓa fata da shi yana iya jawo ciwon daji. Mai riƙe da injin yini yake a cikin feshinsa. Na tuna hannuwan ofaretocin da na sani, baƙi har gwiwar hannu, da yadda suke goge su da garin katako su sa a kwanon tuwo.

Da rana matar dattijon ta ba mu dankali da cuku da burodi mai tsami, ta kuma ba mu labarin 2022. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, man girki ya ɓace daga kantunan Jamus na wani lokaci, domin daga can ake kawo yawancin man furen rana, mutane kuma suka ruɗe suka kwashe har na rafs. Ta ce a watannin nan kullum sai ta je rumfar kayan aiki ta ƙwato kwalbarta. Wannan ne kaɗai lokacin da na ji maganar ta yi kama da ta gidajenmu.

Washegari muka gangara Neustadt, dattijon zai karɓo wata sarƙa a shagon gyaran injuna. Bakaniken saurayi ne, shagonsa fes, kowane inji da takarda a rataye a hannunsa. Da ya ji abin da muke tattaunawa sai ya shiga ciki ya fito da wani inji da aka buɗe. Sarƙar ta sandare, ka ɗaga ta ta tsaya a miƙe. Cikin famfon cike da wani jan danƙo. Akwai wani ɗan haƙorin roba da ke juya famfon, ya cinye sumul, don famfon ya ƙi motsi inji kuma ya ƙi tsayawa. Ya ce wannan aikin man girki ne, amma ba a hannun irin su dattijo ba. Masu yanka itacen murhu sau ɗaya ko biyu a shekara ne, su zuba man kicin, su jefa inji a ɗakin ajiya wata shida. Man tsiro in ya daɗe yana shan iska yakan koma ƙaro. Wani ya fi wani sauri: na furen rana ya fi na rafs, man linsid kuwa da ake haɗa fenti da shi ya fi kowa, shi ya sa ma ake fenti da shi. Injin da ke aiki kullum ba ya samun wannan, sabon mai yana tura tsoho. Wanda za a ajiye, ko dai a cika tankin fal don iska ta rasa wuri, a riƙa tayar da shi jefi-jefi, ko a juye a wanke, a cire sarƙa a goge. Ya ce ɓeraye ma suna son ƙamshin, ya sha ganin murfin tanki da aka gaigaye.

Na tambaye shi gaskiya tsakani da Allah, wanne ya fi wa inji. Ya ce in don inji kaɗai ne, man sarƙar da aka tace daga ɗanyen man fetur ba shi da laifi: yana shekaru a jarka bai canza ba, ba ya danƙo, yana riƙe dogon ƙarfe. Man tsiro kuma santsinsa ba baya ba ne, zafi ma bai cika tsinka shi kamar yadda mutane ke zato ba. A ganinsa, muddin mai yana fita, abin da ke cinye ƙarfe da sarƙa shi ne dakusassun haƙora da yashi da sarƙar da ba a ɗaure daidai ba. Abu ɗaya ne ba ya karɓa a shagonsa da fara'a, injin da aka zuba wa baƙin mai, don ɓarɓashin da ke ciki yana cin famfo, kuma duk wanda ya buɗe shi sai ya yi wanka. A jikin bango na ga jerin sababbin injuna masu batir, babu fetur babu hayaƙi. Su ma kowanne da tankin man sarƙarsa.

Kafin in bar ƙasar na ce sai na ga garin masu ƙera injin da na sani tun ina yaro. Muka ɗauki jirgi zuwa Stuttgart, daga nan muka shiga na unguwanni zuwa Waiblingen, wani madaidaicin gari a bakin kogin Rems. Nan ne hedikwatar Stihl, kuma suna da gidan tarihi. Andreas Stihl ya fara a 1926 da injin lantarki, a 1929 ya fitar da mai fetur, dukkansu sun haura kilo 40, sai mutum biyu ke ɗauka, ɗaya a kowane ƙarshe. A tsakanin nan, a 1927, Emil Lerp na Hamburg ya fito da nasa mai fetur da sunan Dolmar. Sai a 1959 Stihl ya kawo Contra, wanda mutum ɗaya ke iya yini da shi, kuma daga zuriyarsa 070 namu ya fito. Abin da Jamusawa ke kallo a matsayin tarihi, a Taraba da Kogi shi ke ciyar da gidaje. A tsofaffin injuna da yawa, da babban yatsa ake danna famfon mai, in ka manta sarƙa ta ƙone.

A jirgin komawa Freiburg muka yi ta lissafi ni da ƙanena. Abin da na gani shi ne, tsarin farashin ne a juye. A Jamus, cikin duk man da za ka iya zuba wa sarƙa, na kicin ne mafi araha, baƙin mai kuwa doka ta ce a mayar da shi inda aka sayi sabo. A wurinmu man gyaɗa a ƙaramar kwalba ake auna shi, wata uwar gidan ma ƙullin leda take aike a sayo, baƙin mai kuma yana nan a bayan kowane gareji yana neman mai ɗauka. Wanda zai je ya ce wa ofareta ya zuba lita guda ta man gyaɗa a ƙasa kowace rana, alhali gidansa ana miya da cokali biyu, bai san ƙasar da yake ba. Ni dai ba zan faɗa ba. Ƙanena ya kawo maganar man suya da aka gama da shi, na tambaye shi ko ya taɓa ganin mai ƙosai ta zubar da mai.

Amma ba duk yanka ne na dajin Taraba ba. Akwai mangwaron tsakar gida da ake rage wa rassa, akwai darbejiyar da ta sunkuya kan rijiya, akwai iccen bakin fadama, akwai reshen da za a sare a jefa wa awaki su ci ganyen. A irin waɗannan, aikin bai wuce tanki ɗaya ko biyu ba, sulusin lita zuwa biyu bisa uku, kuma wanda ya kira mai injin zai iya miƙa masa man daga kicinsa kamar yadda dattijon ya yi. Matsalolin da suka dami Jamusawa ma ba duka ne namu ba. Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Kano, sai dai a guji manja, wanda ko hunturunmu yana sa shi barci. Danƙo kuma na injin da ke kwance ne, namu kuwa ba sa kwanciya. Inda za a sha wuya shi ne dogon ƙarfen 070 a cikin icce mai tauri da zafin Afrilu, nan mai marar yauƙi zai watse da wuri, sai an buɗe famfo sosai. Ƙanena yana da burin in ya dawo ya gwada man da ba a ci, na 'ya'yan darbejiya ko na cin-da-zugu. Na ce Allah Ya dawo da shi lafiya, ya fara samo wanda zai ba shi aron inji.

Da na dawo Kano na bi ta 'yan katako na sami wani ofareta da muka daɗe tare, yana zaune a kan benci da sarƙa a cinya. Na ba shi labarin dattijo da kwalbarsa, da malamar daji, da danƙon da na gani a Neustadt. Ya saurara har ƙarshe, ya tambayi nawa ne litar man a can, na faɗa masa a kuɗinmu, ya yi tsaki. Maganar ciwon dajin da baƙin mai ke iya jawowa ce ta sa ya ɗan dubi hannunsa. Sannan ya ce, "Malam, duk wannan na ji. Ka zo mini da abin wasa haƙori?"

Na zo da shi. Bakaniken Neustadt ne ya zaɓar mini, zagayayye mai kaurin milimita 5.5, daidai da sarƙar 070, kwali guda. Ya zaro ɗaya ya gwada a haƙori biyu, ya taɓa bakin da babban yatsa, ya ce in wani zai sake zuwa a ƙaro masa kwali biyu, zai biya.